Gwajin Murfin Tukunya

Auta,

Sallama daga gida, da fatan takardar nan za ta same ka a kan ƙafafunka. Ina fata kana cin abinci kamar mutum, ba shayi da burodi a tsaye ba yadda ka saba. Mama tana gaishe ka. Gwiwarta ce dai har yanzu, ta hagu ta lafa, ta dama ta karɓi aiki. Ni da mai gidana lafiya lau, sai dai shagona ya yi sanyi, kamar mutane sun haɗa baki sun daina fasa faranti.

Na kira wayarka har na gaji. Ka ce ɗakin aikinku ba a shiga da waya don tana dagula muku na'ura. To ga takarda, ita ba ta dagula komai.

'Yarka Ɗigo ta ƙone. Kada ka zabura, tana nan da ranta, amma tafin hannunta na dama ya saluɓe. Matarka ce ta gama ɗinkin wata mata tana goge shi a ɗakinta, ta dire dutsen guga a ƙasa a kunne, ta tafi bakin taga ta tsaya da riga a hannu. Yarinya ta tako ta dafa shi. Mama da ke tsakar gida, mai ƙafa ɗaya da rabi, ita ta riga uwar isa wurin. Ka ji fa! Uwar tana ɗaki ɗaya da 'yarta. Da na zo na tambaye ta me take kallo a tagar, sai ta ce wai ba komai.

Tun da cikin nan nata ya zube bayan tafiyarka take haka. Ka yi mata magana ta zuba maka ido, ka rantse tana ji, sai ka gama ta ce, "Na'am?" Mu ma mun ga rashi a duniyar nan, ba mu ƙona kowa ba. Ni da na yi shekara da shekaru ina roƙon Allah haihuwa ko guda ɗaya bai ba ni ba, ranar da na ga hannun yarinyar nan kasa cin abinci na yi. Haushi nake ji, Auta, ba zan ɓoye maka ba.

Kai ne ka bar mu ka tafi wata uwa duniya karatun ƙwaƙwalwa. To ga ƙwaƙwalwa a cikin gidanka. Ka gaya min me ke damun matar nan.

Yayarka

*

Yaya,

Na amsa sallamarki. Ina gaida ke da mai gidanki, ki kuma duba min Mama, ki ce ta rage hawa matakalar nan. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, takardarki ta kwana biyu a jakata ƙarƙashin wasu takardun.

Maganar hannun Ɗigo ta taɓa ni ƙwarai. Na kira uwarta, ta ce an kai ta asibiti an ɗaure, yana warkewa. Sai kuka take min a waya. A riƙa canza mata bandeji a kan lokaci.

Amma Yaya, kin san abin da kika kwatanta shi ne ainihin aikin da muke yi a nan? Tsaya ki ji, za ki sha mamaki. Muna zaunar da mutum a wani ɗan ɗaki marar taga, mu sa masa hula mai wayoyi, mu matsa wani mai mai sanyi a ƙarƙashin kowace waya don ta ji motsin ƙwaƙwalwa. Sai lambobi su riƙa fitowa a allo ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa shi ne ya danna maɓalli a kan kowace lamba, ban da lamba uku. Aiki ne mai gundura, da gangan muka yi shi haka. Can sai ki ga mutum ya danna a kan ukun, idonsa biyu, yana kallonta. Mu kuma muna ɗaya ɗakin muna kallon layukan da ke fitowa daga kansa, kuma sau da yawa kafin ya yi kuskuren mukan ga wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwarsa ya soma motsi a hankali irin na mai barci, alhali sauran a farke yake. Wato mutum yana zaune yana kallonki, amma wani ɓangare na kansa ya kwanta.

Abin da na fi so shi ne tambayar. Ba zato ba tsammani sai ƙararrawa ta buga, allon ya tsaya ya tambaye shi: yanzu-yanzun nan ina hankalinka yake? A kan aikin, ko a wani wuri, ko babu komai a kan? Dole sai an zo masa ba shiri, in ba haka ba zai gyara zama ya shirga mana ƙarya. Kowa hankalinsa yana tafiya, sai dai gajiya da rashin barci da baƙin ciki suna ƙara abin. Da Maman Ɗigo tana kusa da na sa mata hular nan mun ga abin da ke ciki!

Ku dai sa mata ido. Shugabanmu ya zaɓe ni in gabatar da sakamakonmu a wani babban taro, ki taya ni da addu'a.

Ƙaninki

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Mama ta ce Allah Ya ba da sa'ar taro, ta kuma ce matakalar ba kai ka gina mata ba balle ka hana ta hawa. Gwiwar tana nan yadda take. Hannun Ɗigo an kwance bandeji, fatar ta fito ja, tana ɗan tattarewa.

Ashe dai karatun naka yana da amfani! Na karanta takardarka har na kusa haddace ta. Mu ba mu da hula mai wayoyi, amma muna da murfin tukunya da cokali, kuma ni sayar da su nake yi. Yanzu nakan rufe shago da rana in zo gidan Mama. Sai in bari matarka ta zauna a kan keken ɗinki, in lallaɓo ta bayanta ba takalmi, in buga murfin, ƙwal! In ce, "Ina hankalinki yake?"

Ranar farko almakashi ya suɓuce mata, saura kaɗan ya soki ƙafarta. Ta ce, "Yaya, me na yi?" Na ce ba ki yi komai ba, gwaji ne, mijinki ne ya aiko da shi daga wurin aikinsu, ya ce a zo miki ba shiri kuma ki faɗi gaskiya. Da ta ji kai ne, sai ta ce to. Ka san ta da biyayya, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba.

To ka ji amsoshin. Wata rana ta ce tana tunanin da cikin nan ya zauna da yanzu ta kusa haihuwa. Na ce abin da ko suna bai samu ba shi kike zama kina yi wa lissafi, ga mai rai a gabanki da ƙonannen hannu? Wata rana ta ce kai take tunani, ko kana da rigar sanyi. Na ce sannu, mai miji. Sau da yawa kuma sai ta ce, "Ba komai, Yaya, wallahi ban san inda na tafi ba." Ka ga irin wanda allonku yake tambaya ke nan, babu komai a kan. A kan aikin kuwa da ƙyar take cewa tana nan.

In ba na nan Mama ke karɓa, ita sandarta take bugawa a ƙofa. Matar maƙwabcinmu ma ta gwada da ta shigo aron tsintsiya, mun sha dariya. Ɗigo kuwa wasa ta ɗauke shi, da ta ji ƙarar sai ta yi tsalle tana tafi.

Abin kuma gaba yake yi. Shekaranjiya ta ɗinka hannun riga a baibai, mai rigar ta zo ta kwashe sauran yadinta ta tafi. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Yanzu ko ba a buga komai ba, in ta ji motsi a bayanta sai ta zabura. Mama ta ce ba ta barci, sai dai a ji tana zagaye ɗaki.

Ga shawarata. Zan ɗauke Ɗigo in kai ta gidana har uwarta ta dawo cikin hayyacinta. Ina da ɗaki a banza, ka sani. Ba zan zauna ina kallo a ƙona ɗayan hannun ba. Kai ne ubanta, ka faɗi naka.

Yayarka

*

Yaya,

A gurguje nake rubutu, jirgin ƙasa nake jira. Ina gaida kowa. Taron ya yi kyau ƙwarai, har wani babban malami ya tare ni a bakin ƙofa yana min tambayoyi. Akwai wani kuma a gaba, can za ni yanzu.

Na ga takardarki, na karanta a tsaye. Murfin tukunya! Kai Yaya, ba kya rabo da abin dariya. Maganar Ɗigo ta je wurinki, ba laifi, uwarta ma ta samu ta huta. Ke ce babba, ki yi yadda kika ga ya dace. Zan rubuto da kyau in na dawo.

Ƙaninki

*

Auta,

Barka da yawon taro. Muna nan lafiya, Mama ta samu wani man shafawa da ya ɗan karɓe ta. Na jira doguwar takardar da ka ce za ka rubuto, shiru. Ba komai, gajerar ma ta yi min aiki.

Ɗigo tana gidana. Abin bai zo da sauƙi ba, don matarka ta aika an kira kawunta, tsohon nan mai gyaran agogo. Ya zo ya zauna a falon Mama yana huci, wai ba a raba yarinya da uwarta a kan tsautsayi guda. Na ce Kawu, ba ni na ce ba, ga bakin mai ilimin. Na ɗauko takardarka ta farko na karanta masa inda ka ce mutum yana zaune yana kallonka amma wani ɓangare na kansa ya kwanta. Na karanta masa inda ka ce da tana kusa da ka sa mata hular gwajin ƙwaƙwalwa. Ban tsaya karanta sauran ba, doguwa ce, kuma tsoho ba ya ji sosai. Sannan na ɗauko ta biyun, inda ka ce ni ce babba. Na ce to ga likita ga uba a mutum ɗaya, wa za mu kai wa ƙara?

Ya juya ya kalli 'yar tasa ya ce, "Haka ne? Hankalinki yana tafiya?" Ka san me ta ce? Ta ce, "Yana tafiya, Kawu." Shi ke nan, tsoho ya laluɓi takalminsa ya fita.

Ita da kanta ta haɗa jakar. Ta ninke kayan tsaf, wannan kam ba ta yi kuskure ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ta raka mu har bakin titi, ta tsaya har muka samu mota. Ɗigo ce ta cika mana kunne da ihu, har direba yana tambaya ko sato ta na yi. Na ce 'yata ce.

Kwanakin farko ta ƙi abinci, tana bin ƙofofi tana leƙawa. Yanzu ta saba. Na saya mata ƙaramin gado da takalma masu fitila a dunduniya, in ta taka su haska. Ina tafiya da ita shago, tana zaune a kan teburin shagon tana jera min cokula, masu saye suna cewa ta yi kama da ni. Mai gidana da bai taɓa dawowa gida da wuri ba, yanzu kafin magariba ya shigo da leda a hannu. Jiya ta tashi daga barci ta kira ni Mama. Ban koya mata ba, wallahi, amma ban hana ta ba. Auta, ban san haka abin yake da daɗi ba.

Matarka tana nan wurin Mama. Ta rufe keken ɗinkin da zane, ta ce ba ta yarda da kanta da allura ba. Na daina zuwa da murfin, tunda an riga an san sakamako.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaida Mama. Ke kuma ban san da wane baki zan gaishe ki ba.

Na dawo na tarar da takardarki. Na zauna na karanta ta, sannan na koma na ɗauko wadda ta gabace ta na karanta a zaune. Na ɗauka kwana biyu za ki kai yarinyar ta yi miki. Na ɗauka murfin tukunyar nan sau ɗaya kika buga don tsokana. Me kika yi wa matar nan?

Wa ya ce miki gwajinmu na gano marar lafiya ne? Lafiyayyun mutane muke ɗauka, ɗalibai da ma'aikata, masu ciwon kai ma ba ma karɓar su. Dukansu hankalinsu yana tafiya, wasu har kusan rabin lokacin. Ni na sa hular nan, na danna a kan ukun ya fi a ƙirga. Shugabanmu ya sa, shi ma haka. Ke da kanki in aka zaunar da ke za ki yi. Na rubuta miki cewa kowa ne, yana nan a takardar, kika tsallake shi a gaban tsoho da gangan. Kuma mu mutum da ƙafarsa yake zuwa, ya zauna ɗan lokaci, a cire masa hula a ba shi tawul ya goge kansa ya tafi gida. Ba ma bin sa ɗakin kwanansa. Ki ɗauki mai lafiya garau ki hana shi barci, ki riƙa buga masa ƙarfe a ƙeya kullum, ki ga in bai zuba gishiri sau goma ba.

Mace ta yi ɓari, mijinta ba ya nan, 'yarta ta ƙone a gabanta. Abin da take bukata ke nan, murfin tukunya? Kuma da sunana! Na kira ta ta ƙi ɗagawa. Mama ta ɗaga, ta ce wai ita sanda kawai ta buga.

Ki mayar da Ɗigo wurin uwarta ranar da takardar nan ta same ki. Ki ba Maman Ɗigo wannan ta karanta da idonta, tun daga sama har ƙasa. Na san abin da yarinyar nan ta zame miki, kuma ina jin tausayinki, amma tana da uwa. Ba shawara nake ba ki ba.

Ƙaninki

*

Auta,

Lafiya lau muke, tunda ba ka tambaya ba.

Yau kuma ni ce muguwa. Kai da ka karanta maganar 'yarka a tsaye kana jiran jirgi, kai ne mai tausayi. To na ji. Na yi kuka na gode Allah, mai gidana ya fita ya bar min gidan don ba zai iya gani ba. Na yi mata wanka, na sa mata takalmanta masu fitila, na haɗa jakarta, na kai ta har ƙofar ɗakin matarka. Na miƙa mata takardarka, na tsaya ta karanta har ƙarshe.

Ba ta karɓi yarinyar ba. Mama shaida ce. Na tsaya a ƙofar nan har ƙafata ta yi tsami, sannan na dawo da ita gida. Ka tambaye ta da kanka, ga tata takardar na haɗo da tawa. Ban buɗe ba.

Yayarka

*

Baban Ɗigo,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, kuma sanyin can bai dame ka ba. Na ji an yaba maka a taro, Allah Ya ƙara ɗaukaka. Ni lafiyata lau. Ka yi haƙuri da rashin ɗaga waya, in na ji muryarka ba zan iya magana ba, shi ya sa na rubuto.

Na karanta abin da ka rubuta wa Yaya. Na gode. Na yarda da kai cewa kowa hankalinsa yana tafiya, kai ka san aikinka. Amma ba kowa ne 'yarsa ba ta iya buɗe tafin hannunta duka ba. Likita ya ce ƙila in ta girma a yi mata aiki.

Da, ban san ina tafiya ba sai an gaya min. Yanzu na sani. An daina buga min komai, amma ni nake tsare kaina. Ina yanka albasa sai in tsaya in duba ko ina nan, in ga wuƙa a hannuna, in rasa tun yaushe nake riƙe da ita. Ruwan zafi ma na daina ɗauka, Mama ke juyewa duk da ciwon gwiwarta. In na tsallaka titi, sai na kai ɗaya gefen nake tambayar kaina ko na duba mota. Ka ce rashin barci ne. To na gwada, barcin ba ya zuwa.

Da Yaya ta kawo Ɗigo, ta yi ƙiba, an yi mata kitso mai kyau. Tana ganina ta saki zanen Yaya ta rugo, ta ɗaga min hannu in ɗauke ta. Hannun nan ta ɗaga, mai tabon. Na ji ƙamshin kanta daga inda nake tsaye. Sai na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Ta yi ta jan rigata tana cewa "Ɗauka, ɗauka," har ta gaji ta zauna a ƙasa. Ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba, ko ranar ɓarin.

Kada ka yi faɗa da Yaya saboda ni. Tana son yarinyar, kuma idonta ba ya barin kanta. Ka dai gaya mata ta riƙa yanke mata farce in ta yi barci, a farke ba ta yarda, kuma na ga sun yi tsawo, tana sosa tabon da su.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka sa a sake kawo ta ƙofar nan. In ana kawo ta, wata rana zan kasa daurewa in ɗauke ta.

Matarka